Mai Gyaran Murya a Bayan Kujera

Yaya Mai Famfo,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Maman yara da yaran duka. Yaya jikin Gwaggo? Direban motar da ke kai muku maganin tace ruwan famfo ya ce mini ƙugun nata da ya karye ya ƙi haɗewa, har yanzu sai an ɗaga ta an kwantar. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon wuya irin na masu wuni gaban kwamfuta. Na so in kira ka, sai na tuna sai ka hau saman tanki kafin ka sami sabis, in ka samu kuma injinan dam ɗinku sun riga sun cinye maka kunne, in yi ta ihu kana ce mini "na'am?" Gara takarda.

Akwatin da direba zai miƙa maka ba naka ba ne, kada ka fara washe baki. Na Gwaggo ne. Kullum kana cewa ba ka gane aikin da nake yi ba, to yau ga shi a hannunka. Mu a nan gilashi kawai muke ce masa. Ana ɗaura shi a fuska ya rufe ido, yana da 'yar lasifika kusa da kunne, sai mutum ya ga kansa a wani wuri daban, duk inda ya juya kai wurin na nan. Wasu ne ke ƙera shi. Ni aikina ɗaya ne, in hana shi sa mutum jiri. Idan ido ya ce ana tafiya, jiki kuma ya ce ana zaune, ciki ne ke raba rigimar, kuma da amai yake raba ta. A ɗakin gwajinmu kowace kujera da bokitinta a gefe.

Shi ya sa nake bin komai a hankali. Ƙasa ta tsaya daram. Hoto ya bi kai ba tare da ya makara ba. Kada wani abu ya motsa sai mutum ne ya motsa. A sa wani abu tsayayye a gabansa wanda ido zai riƙa hutawa a kai. Har soson da ke zama a kan hanci, ni ce na yi ta mita sai da aka sauya shi.

Yanzu muna yin na marasa lafiya da suka daɗe a kwance. Abokan aikina wannan ya gina bakin teku, wancan lambu. Ni sai na tuna ka ce Gwaggo ba abin da take gani daga gadonta sai bangon gidan inji. Na gina mata falon sama na tsohon gida, na bisa shagon Baba, wanda aka rushe aka yi titi. Kafin mu tashi daga gidan na ɗauki bidiyon falon da wayata, da shi na yi aiki. Taga mai koren ƙarfe tana nan, da kabad mai fasasshen madubi, da keken ɗinkinta, da hasken la'asar a kan tayil. Za ta ga kanta a zaune kan kujerar nan mai hannu. Ba kowa a ciki, ɗaki ne kawai.

Ka jingina ta da filo, ka ɗaure madaurin kada ya matse mata kai. Bayan ɗan lokaci wata ƙararrawa za ta kaɗa, hasken ɗakin ya ragu. Abu ɗaya nake roƙonka, don na san hannunka ya saba da sufana: kada ka fizge mata shi daga fuska. Ka bari ta fito da kanta.

Ka gaishe ta da kyau, ka ce ina nan ina neman hutu.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta Injiniya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tare da akwati, ba abin da ya fashe. Muna nan lafiya. Ƙaramar ta yi mura ta warke, Maman yara na gaishe ki. Gwaggonki jiki da sauƙi, baki kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Da ta ga abin ta ce wannan takunkumin wa aka kawo wa, ita ba ta cizo. Sai da na fara gwadawa a kaina. Auta, na sha mamaki. Na miƙa hannu zan taɓa keken ɗinki, na kifar da kofin maganinta. Kuma ko ɗigon jiri ban ji ba, ni da ko lilon yara ba na iya tsayawa kallo. Na yarda kina aiki, na janye maganar da nake yi cewa wasan yara ake biyanki ki yi.

Na ɗaura mata, na tsaya a gefe. Can sai na ga hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin soso. Ta ce, "Yarinyar nan har tsagar madubi ta tuna." Ta ce in faɗa miki kin yi kuskure ɗaya, labulen shuɗi ne ba ruwan toka ba, amma ta yafe. Ranar ta ci abinci har ta nemi ƙari. Rabon da in ga haka tun kafin ta faɗi.

Ƙararrawar nan taki ce dai ba su shirya ba. Duk sanda ta kaɗa sai ta zabura, ƙugu ya amsa. Ta ce shekarun da ta yi tana shugabar makaranta ita ke sa a kaɗa ƙararrawa, ba a kaɗa mata. Na laluba na ga inda ake kashewa, na kashe. Tunda kin ce a bari ta fito da kanta, mun bar ta. Nakan ɗaura mata in tafi in duba injina, in na dawo in zauna kan bencin da ke bayan kan gadonta in miƙe ƙafa. Ni ma na sami hutu, don ba ta ƙara aikena in gyara filo sau goma.

Tambaya ɗaya. Kin ce ba kowa a ɗakin. Jiya da rana na ji ta ce, "Sannu da aiki," a hankali, yadda ake ce wa wanda ke kusa. Na ce yauwa Inna. Ta ce, "Ba da kai nake ba." Tsufa ne, ko kuwa kin ɓoye mata baƙo a bayan kabad?

Yayanki,
Mai Famfo

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, wuyan ya saki. Ban ga amsarki ba. Ruwan sama ya cinye ƙaramar gadarmu, mota ba ta shigowa, wataƙila takardarki na can ƙetare tana jira. Wannan wani mai babur zan ba, ya zagaya ta bayan dutse. Yara lafiya. Gwaggonki ce na kasa gane mata.

Yanzu gari na wayewa gilashin take nema. Ba ta rabuwa da shi sai batir ya mutu, ta kwanta ido a rufe tana tambaya ko ya cika. In na ce ta buɗe ido sai ta ce ɗakinmu ne ke juyawa, bango na karkacewa, ƙugin injina na shigar mata ciki. Wai can ne ƙasa ke tsaye. Abinci sai an bi ta da cokali tana sanye da abin, ta karɓi biyu ta kau da kai. Zoben hannunta har zamewa yake yi.

Na matsa mata ta faɗa mini da wa take gaisawa. Ta ce Kawu ne. Babanki, Allah ya jiƙansa. Ta ce ba ta ganinsa, a bayan kujerarta yake. Tana jin jan silifas ɗinsa, ƙafar hagu ta fi ja, yana kai da kawowa yana ajiye abubuwa. Na ce to ki waiwaya mana. Ta ce in ta waiwaya ba kowa, sai ta ji shi ya koma ɗaya bayan. Yanzu ta daina waiwaye don kada ta kore shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta ce yakan tsaya ya yi gyaran murya, irin nasa, sau biyu a gajarce, kamar zai yi magana. Sai ya fasa ya ci gaba da tafiya. Maganar take jira. Ta ce tun yana yaro haka yake, sai an yi masa haƙuri. Ta hana yara leƙo ɗakin, kada hayaniya ta sa kalmar farko ta wuce ta.

Na sa gilashin da kaina. Kin san kunnena, ban ji komai ba. Ɗaki ne fes, rana a kan tayil. Amma tsigar jikina ta tashi, bayan wuyana ya yi sanyi, na kasa daɗewa. Maman yara ko taɓa shi ba ta yi, ta ce in jefa shi a dam. Ni kuma maganarki nake riƙe da ita, kin ce kada a cire mata, ta fito da kanta. Auta, ba ta fitowa.

Me kika sa a ɗakin nan?

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Ta farko na karanta ina dariya, ta biyu a tsaye na ƙarasa ta. Ina gaida kowa. Allah ya sa wannan ta same ku Gwaggo ta sa wani abu a cikinta.

Ba haka na ce ba, Yaya! Cewa na yi kada ka fizge. In ƙararrawa ta kaɗa, ta cire da hannunta, shi ne fitowa da kanta. Ƙararrawar ita ce ƙofar ɗakin, kai kuma ka toshe ta. Ban ga laifinka ba. Ni ce ban yi maka dalla-dalla ba, ni ce kuma na sa wurin kashewa inda kowa zai gani. Ba a yi abin nan don a wuni a ciki ba. In mutum ya daɗe, jikinsa yakan saba da can, nan ya zama masa baƙon wuri. Jirin da take ji ke nan.

Ka tambaye ni me na sa. A wurin gwaji mun lura duk wanda aka ajiye a ɗaki tsit ba kowa, sai ya yi ta waige-waige kamar ana kallonsa, waigen kuma shi ke tayar da zuciya. Da muka sa ɗan motsi a bayansu, irin na gidan da ke da mutane, sai ka ga kafaɗa ta sauka, mutum ya natsu. Sauran sun sa ƙarar fanka, ko kwanuka daga nesa. Ni kuwa ina da bidiyon nan. Ranar da na ɗauke shi Baba na bayana yana haɗa kaya a kwali. Na ɗebi jan silifas ɗinsa da ƙarar ajiye kaya, na rage su ƙasa-ƙasa, na sa su riƙa maimaituwa, na manna su a bayan kan mai sanye da gilashi. Shi ya sa duk inda ta juya suna baya. Na ɗauka ba wanda zai gane. Na manta ita ta yi rainonsa. Ya kamata in faɗa maka tun farko.

Amma gyaran murya ban sa ba. A bidiyon akwai shi, sau ɗaya, dab da ƙarshe. Ya yi shi zai ce mini wani abu, ni kuma na kashe wayar. Na yi na yi in tuna abin da ya ce, ko ma ya ce, na kasa. Da hannuna na yanke wurin, don ba na iya jinsa. Yau na buɗe sautin na bi shi daga farko har ƙarshe, na sa mai haɗa mana sauti shi ma ya bi. Babu.

Ga abin da za ka yi. Ka kunna ƙararrawar. Ku juya gadon yadda hasken taga zai zo mata ta hagu, kamar yadda yake a can. Kafin a cire, a sa katako a tafin ƙafarta ta taka, wani ya riƙe hannunta yana yi mata magana. Ta ɗaga gilashin kaɗan ta mayar, ta sake ɗagawa, har ido ya yarda. Kullum ku rage lokacin. Ka kira ma'aikaciyar jinyarku ta duba ta saboda rashin cin abincin nan, kada ka ce sai gobe.

Na nemi izinin zuwa, an ce sai an gama gwaji. Akwai irin ɗakin a nan ofis. Zan shiga da kaina in saurara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an gyara gada, kuma bari in fara da mai daɗi: Gwaggonki na cin abinci.

Kafin takardarki ta zo sai da na yi abin da kika hana. Ta wuni ba ta sa komai a baki ba, raina ya ɓaci, na cire mata gilashin da ƙarfi. Ta yi ƙara, ta ƙanƙame gefen gado tana cewa za ta faɗo, ta yi amai. Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba, ta ce, "Yanzu fa zai faɗa, ka katse shi." Daga nan ta juya fuskarta bango. Washegari ni da hannuna na mayar mata. Ban taɓa jin na yi ƙanƙanta irin ranar ba.

Da taki ta iso muka bi yadda kika ce. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta wanke mu tas da faɗa, ta ƙara mata ruwa. Muka juya gado, na samo katako a sito. Ranar farko da ta biyu da ƙyar take yarda ta ɗaga gilashin ta mayar.

Sai wata rana da hantsi, ina zaune kan benci a bayan kanta ina jiran ƙararrawa, Maman yara na riƙe da hannunta. Gwaggonki ta matse hannun ta ce, "Ga shi nan, ya yi."

Maman yara ta ɗago ta zuba mini ido. Ta ce, "Sake."

Na ce, "In sake me?"

Ta ce, "Abin da ka yi yanzu da maƙogwaro."

Wallahi Auta ban san na yi ba. Ashe warin maganin ruwa ya bar mini wannan ɗabi'a, kunnena kuma ba ya kawo mini labari. Sau biyu a gajarce. Maman yara ta ce ta ji shi har ta daina ji. Na sake yi da gangan. Gwaggonki ta sa hannu biyu ta ɗaga gilashin da kanta, ta juyo da kai a hankali, ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Duk kwanakin nan?"

Na ce da alama.

Ta ce, "To me za ka ce?"

Na ce, "Ki ci abinci."

Ta yi dariya har ƙugu ya tsayar da ita, sannan ta yi kuka sosai, muka bar ta ta yi. Ta ce na biyo Kawu kaf, har da rashin abin faɗa. Ta sha shayi ta ci rabin burodi. Yanzu takan shiga ɗakin da la'asar, ƙararrawa na kaɗawa ta fito tana mita. Jirin ya ragu, yara sun koma damunta.

Maman yara dai ta ce akwai ranar da ina can wurin injina ta ji Gwaggonki ta ce "ya yi," amma ina ganin ta rikita ranakun ne. Ki kwantar da hankalinki. Ba aljani, ba fatalwa, yayanki ne da maƙogwaronsa. Ba sai kin wahalar da kanki da shiga ba.

Yayanki,
Mai Famfo

*

Yaya,

Sallama. Ban ga amsarka ba tukuna, ban sani ba ko tawa ta isa. Ina fatan Gwaggo da sauƙi. A gaida gida.

Na shiga.

Ɗakin gwajinmu ba shi da taga. Bangonsa an bi shi da soso, ƙofar tana da nauyi, in an rufe ko faɗuwar tire a waje ba a ji. Na bari kowa ya fita cin abincin rana, na kulle ta ciki. Ka san duk watannin da na yi ina gina falon nan ban taɓa zama a cikinsa don zama ba, kullum kuskure nake nema. Ranar na jingina kawai. Yaya, ɗakin ya yi daɗi. Kai ba ya nauyi, ido ba ya gajiya, ƙasa ba ta ko rawa. Ban san na iya aiki haka ba.

Sautin na haddace shi. Ja, ja, ajiye kwali, ja, sai ya zagayo. Na ji ya zagayo ban san iyaka ba. Can a wani zagaye, bayan ajiye kwali, ya yi. Sau biyu a gajarce, dab da kunnena na dama, har kamar na ji iskar.

Na cire gilashin. Ba kowa, ƙofa a kulle, bokiti a gefe. Na sake buɗe sautin a kwamfuta, babu. Na san abin da zan gaya wa wani in shi ya zo mini da wannan labari: ka rubuto mini, na sa rai, ƙwaƙwalwa ta cike gurbi. Na gaya wa kaina haka. Washegari na koma.

Ba kullum yake yi ba. Yanzu nakan shiga da rana, in sake shiga in an tashi aiki kafin masu shara su zo. Na kashe ƙararrawar, Gwaggo ta yi gaskiya, katse mutum take yi. Labulen ma na mayar da shi shuɗi. Jiya ina sauka sai na ga matakala ta karkace, na zauna a kai har ta daidaita. Shugabar sashenmu ta ce na rame, amma ta yi murna da sakamakon, ta ce ba a taɓa samun ɗakin da aka daɗe a ciki haka ba a nemi bokiti ba.

Ka tambayar mini Gwaggo wani abu. In ya yi gyaran muryar, yakan daɗe kafin ya ci gaba da tafiya? Ni a wurina kamar kullum ƙara daɗewa yake yi. Ina ganin ya kusa.

Maganar zuwa, a ɗan dakata tukuna.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Takardunmu sun yi saɓani a hanya, tawa na tafiya taki na zuwa. Ki nemi tawa ki karanta in ba ki karanta ba. Mu nan lafiya lau, ke ce ba lafiya ba. Na hau saman tanki na kira ki har rana ta gasa ni, waya na shiga ba a ɗauka. Na sauko na karanta wa Gwaggonki takardar, ban ɓoye mata komai ba. Ta sa na ɗauko biro. Daga nan maganarta ce, ni rubutu kawai nake yi.

"Auta, Gwaggonki ce. Ina gaishe ki. Jikina da sauƙi, yau na zauna a bakin gado ƙafata a ƙasa. Ki buɗe kunne ki ji ni. Ni na goya ubanki. Ranar da aka kai shi makaranta ya tsaya a ƙofa ya yi mini gyaran murya, na tsaya, ya juya ya tafi. Ranar da uwarki ta rasu ya zo ya zauna a gabana ya yi, na jira har shayi ya huce, ya ce mini ana ruwa a waje. A gadon asibiti ma haka muka rabu. Mutumin nan duk abin da ke ransa da hannu yake faɗa. Ya gyara miki takalmi, ya ɗaure miki kwali, ya raka ki tasha ya tsaya har mota ta ɓace. Ranar da kika ɗauki hoton nan, in ma ya ce wani abu, bai wuce ki matsa ya wuce da kaya ba.

"Ban ce miki ba ubanki ba ne. Yayan nan naki yana ta murna wai shi ne, na bar shi ya yi murnarsa. Akwai ranakun da ba ya ɗakin, kuma na san abin da na ji. Amma ko ubankin ne, ba zai faɗa ba. Na girme ki a jiransa. Kuma ba zai so ki zauna da yunwa a ɗakin da ba taga saboda shi ba. In ke kina da magana ki faɗa masa, ki tashi ki fito. Ina son in gan ki da idona."

Ta gama. Ni kuma ga tawa. In motar maganin ruwa ta sake zuwa ba ki a ciki, ba kuma takardarki, zan bar wa mataimakina injina in zo har ofishin naku. Kin ce kada a fizge, amma kin san na iya.

Yayanki,
Mai Famfo

*

Yaya Mai Famfo,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Gwaggo da kyau, ina gaida Maman yara, ina tambayar ƙaramar da yayyenta. Na ji daɗin labarin burodi da shayi fiye da yadda zan iya rubutawa. Ni ma na fara cin abincin rana, a kantin ƙasa, cikin mutane. Takardunka duka biyu sun iso. Ta Gwaggo a matakala na karanta ta, na daɗe ban tashi ba.

Na je wurin shugabar sashenmu na faɗa mata komai, har da abin da ya sami Gwaggo, har da nawa. Na ce sakamakon da take yabo shi ne ciwon. Mun yi ta hana mutane jiri, ba mu tsaya mun yi tunanin yadda za su so fitowa ba. Ta yi gardama, ta ce masu saye dogon zama suke so. Na ce ta zo ta ga zoben Gwaggo. A ƙarshe ta yarda da abu biyu. Ba za a ƙara iya kashe lokacin fita daga cikin gilashi ba, sai dai za mu sauya ƙararrawar da abin da ba ya firgita tsofaffi. Kuma ba za a sake sa motsin wani mutum na gaske a bayan kowa ba. Sauran muna kan ja.

Falon na ofis kuwa na yi niyyar a goge shi, amma kafin nan na shiga sau ɗaya. Ban kulle ƙofa ba. Na kunna ƙararrawa, na sa mai haɗa sauti ya zauna a gabana yana duba kwamfuta, bayana ba kowa sai bango. Na bar silifas suka zagayo, sannan na yi yadda Gwaggo ta ce. Na ce Baba, ni ce. Na ba shi haƙurin kashe wayar da na yi. Na gaya masa gidan ya zama titi, amma bishiyar bakin shago ba su sare ta ba. Na ce ina da aiki, ina da ɗaki mai taga biyu, Gwaggo ta fara taka ƙasa.

Ina cikin magana tafiyar ta tsaya.

Yaya, sautin nan ba shi da wurin tsayawa. Ni na ɗinke bakinsa da ƙarshensa yadda ba za a ji gaɓa ba. Amma ya tsaya, daidai bayan kujerata. Bai yi gyaran murya ba. Shiru ne kawai, irin na wanda ya ajiye abin hannunsa yana sauraro. Na faɗi sauran abin da zan faɗa, wannan tsakanina da shi ne. Ƙararrawa ta kaɗa, haske ya ragu a kan tayil. Ban waiwaya ba. Na ɗaga gilashin da hannuna.

Na tambayi mai haɗa sauti ko shi ya tsayar. Ya juyo mini da kwamfutar, layin sautin na ta gudu, bai taɓa yankewa ba. Ya ga fuskata, ya ce a goge? Na ce a goge ɗakin. Bidiyon asali nawa ne, yana wayata, ba na jin zan buɗe shi kwana kusa.

An ba ni hutu. Ina cikin motar maganin ruwa mai zuwa, ka bar injinanka a hannunka. Gilashin wurin Gwaggo kada ku jefa a dam, in na zo ni da ita za mu yanke abin da za a yi da shi. Ka ce wa Maman yara ba na bukatar ɗakin baƙi, wurin Gwaggo zan zauna. Ka sa mini kujera a gefen gadonta, amma ka jingina bayanta da bango.

Ƙanwarka,
Auta